Baƙar Ƙasa a Bakan Gulbawa

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso, mun ba ta wurin zama.

To, ku gyara zama. A can zamanin da, an yi wani birni da ake kira Tarmasa. Kada ku tambaye ni inda yake, don yanzu ko tubalinsa ɗaya ba za ku samu ba. Birni ne mai ganuwa da ƙofofi, gulbi ya ratsa ta gabas da shi, ƙetaren gulbin kuwa ƙasar Gwaramo ce, waɗanda ba su taɓa ga maciji da Tarmasawa ba.

Abin da Tarmasa take tinƙaho da shi soro ne guda ɗaya a tsakiyar gidan Sarki, ana ce masa Soron Amana. Nan ake zaman fada, nan ake karɓar jakadu. Rufinsa yana kan bakan gizo ne, irin lanƙwasasshen ginin nan na azara da ƙasa da ke tashi daga wannan bango ya sauka a wancan. Kowane baka a soron yana da masu shi. Duk al'ummar da ta bi Sarkin Tarmasa da yardarta, sai ta ɗebo ƙasar garinta a kan jakuna ta zo ta tayar da nata da hannunta. Shi ya sa in ka shiga sai ka ga wannan toka-toka, wancan fari-fari, wani dogo wani gajere, ba su yi kama da juna ba ko kaɗan, amma rufi ɗaya suke ɗauke da shi. In kaka ta yi, kowa ya zo da sabuwar ƙasa ya yaɓe nasa, wannan yaɓen shi ne sabunta biyayya, ba sai an yi rantsuwa ba. Doka ɗaya ce mai tsanani: ba mai sa hannu a bakan wani. Sau ɗaya aka taɓa yi, zamanin kakan Sarki, da mutanen Kurmi suka yi tawaye aka ci su da yaƙi. Aka yaɓe bakansu da ƙasar birni, daga ranar kowa ya san sun tashi daga 'ya'ya sun koma bayi.

Bakan da ya fi kowanne tsufa na gidan Galadima ne, Tarmasawan asali. Da baƙar ƙasar fadama aka gina shi, gajere ne mai kauri, hayaƙin shekaru ya ƙara masa duhu, kuma a ƙarƙashinsa gadon Sarki yake tun kafuwar gari. Galadiman lokacin sunansa Tunau. Dattijo ne mai kyauta, mai iya magana, ga zuciya a fagen fama. Abu ɗaya ne ya ɓata shi, ba ya iya jin ana yabon wani a gabansa ransa bai ɓaci ba.

Bakan da ya zo daga ƙarshe kuwa na Gulbawa ne, mutanen bakin ruwa, masu tsaron mashigin da ake haurowa daga Gwaramo. Shugabansu shi ne Kaura Nomau. Su da jar ƙasa suka yi nasu, suka ja shi sama fiye da na kowa, suka zana kifaye da kada a jikinsa, suka jera ɓawon kumba a cikin yaɓen. Ga shi kusa da taga. In hantsi ya shigo sai ka ga yana ƙyalli kamar ruwa ne ke gudu a sama. Ba baƙon da ya taɓa shiga soron ba tare da ya tsaya ya saki baki a ƙarƙashinsa ba, kuma duk lokacin da aka yi haka Galadima yana gani.

Wata rana, damina ta kusa ƙarewa, fada ta cika. Sarki Jatau, wanda bai daɗe da hawa gadon ubansa ba, saurayi ne mai son abu mai kyau, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallon jan bakan nan, sannan ya ce, "Manyan gari, ina da magana. Baƙi suna zuwa daga nesa su same ni zaune cikin duhu, sai sun ƙifta ido kafin su gane inda Sarki yake. In an gama yaɓen bana, ina so a mayar da gadon nan ƙarƙashin bakan Kaura."

Galadima ya ji kamar an zuba masa garwashi a cikin riga, amma ya yi murmushi, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Allah ya ja zamanin Zaki. Soro naka ne, gado naka ne. Sai dai ina tuna wa Zaki, a ƙarƙashin baƙin bakan nan aka naɗa ubanka, nan aka naɗa kakanka. Lokacin da kakannina suke cuɗa ƙasarsa da ƙafafunsu, waɗansu ba su san akwai wani abu wai shi soro ba, suna can cikin rumfar kara a bakin ruwa."

Kaura Nomau ƙato ne mai yawan raha, wanda bai iya tauna magana ba. Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya Babba ya faɗa, ranka ya daɗe, mu 'yan rumfa ne. Shi ya sa da muka samu soro muka yi masa kwalliya, don ba mu saba ba." Ya juya ga Galadima. "Babba, in sanyin wurinka ya dame ka, ka jawo buzunka nan ka sha hantsi. Mu ba ma korar baƙo."

Fadawa suka sunkuyar da kai suna ɓoye dariya. Galadima ma ya yi dariyar da bakinsa, amma kalmar nan ta baƙo ta shige shi ta zauna.

Da aka tashi, Magajiya Tarana ta tare shi a bakin ƙofa. Gwaggon Sarki ce, tsohuwa tukuf, ita kaɗai ce mace mai baki a fada, ita kaɗai kuma ke kiran Galadima da sunansa.

"Tunau, yau fuskarka ta fi bakanka duhu. Ka bar yaron nan ya yi marmarinsa. Gado dai katako ne."

"Gado katako ne, Uwar gari, baka kuma ƙasa ce. To me ya rage a Tarmasa wanda ba katako ba ne ko ƙasa?"

"Mutane," in ji ta. Ta doka sandarta ta wuce.

Kaura ya koma mashigi da mutanensa, don gulbi ya fara janyewa, lokacin da Gwaramo ta saba gwada sa'arta ke nan. Bayan tafiyarsa aka yi wani ruwan bankwana mai ƙarfi. Indararon da ke saman bakan Gulbawa ya toshe, ruwa ya kwanta a rufi, da gari ya waye sai ga tsaga ta sauko daga ƙoƙon bakan ta ratsa zanen kada ta raba shi biyu. Kafin hantsi labari ya zaga gari. Masu duba suka buga ƙasa, wani ya ce alamar rabuwa ce, wani ya ce alamar mutuwar babban mutum. Galadima ya je ya tsaya a gaban tsagar yana girgiza kai kamar mai jaje, alhali ya daɗe bai ji abinci ya yi masa daɗi kamar na ranar ba.

Ana cikin haka manzo ya iso da labari: jakadan Sarkin Gwaramo, wani mai suna Bagudu, ya hauro mashigi da farar tuta, jibi zai iso, wai sulhu ya zo nema. Sarki ya tara majalisa.

"Ba sulhu ne ya kawo shi ba," in ji Sarki, "ido ya zo bayarwa. In ya ga tsaga a Soron Amana zai koma ya ce Tarmasa ta dare. Ko yau aka aika wa Kaura, kafin a haƙo jar ƙasa a jiƙa ta ta nuna, jakada ya zo ya koma. Me kuka gani?"

Magajiya ta ce, "A rataya zane a rufe wurin. Ko a karɓe shi a zauren waje, a cika masa ciki da nama, a sallame shi."

Galadima ya gyara rawani. "Allah ya ƙara wa Uwar gari lafiya. In aka rataya zane, abin da zai fara tambaya shi ne me ke bayan zanen. In aka tsayar da shi a zauren waje, tun da aka kafa garin nan ba a taɓa yi wa jakada haka ba, zai ce mun ɓoye soronmu don ya rushe. Zaki, ni ƙasata ta yaɓen bana ta riga ta jiƙu, tana nan a bayan gida. Ba yaɓe nake nufi ba, Allah ya tsare. Liƙi ne kawai, a cike tsagar, in Kaura ya zo ya fitar da shi ya sa tasa. Ɗan'uwa ne ya riƙe wa ɗan'uwa gida kafin ya dawo."

"Ko da yatsa ɗaya ka taɓa, ka taɓa," in ji Magajiya. "Jatau, ubanka ba zai yarda ba."

Wannan ce maganar da bai kamata ta faɗa ba, don Sarki ya gaji da jin abin da ubansa zai yi. Ya ce, "Ubana bai taɓa karɓar Gwaramo da tsaga a kansa ba. Galadima, a cike tsagar. Tsagar kaɗai."

Washegari da la'asar, fada ta watse, Galadima ya shigo da maginan gidansa ɗauke da kwandunan baƙar ƙasa. Babbansu ya hau tsani yana salati, ya cike tsagar daga sama har ƙasa, ya sauko. Galadima ya ja da baya ya duba. Baƙin layi ne siriri a tsakiyar ja, kumba na ta ƙyalli dama da hagu, kai ka ce ma layin ƙara mata haske ya yi.

"Wannan ai ya fi tsagar muni," in ji shi. "Ku faɗaɗa shi kaɗan ya daidaita."

Suka faɗaɗa. Zanen kada ya ɓace.

"Yanzu kuma kifi ya fi yawa a hagu. Ku rage."

"Ranka ya daɗe," in ji babban magini, "Sarki cewa ya yi..."

"Da ni Sarki ya yi magana ko da kai?"

Ni dai ba zan ce muku tun farko ya ƙulla haka a ransa ba. Mai yiwuwa da gaske liƙin ya zo yi. Amma duk inda baƙar ƙasa ta rufe kumba ɗaya sai ya ji wani abu da ya daɗe da tokare masa ƙirji ya sassauta, sai ya so ya ƙara ji. Dama ta fi hagu, hagu ta fi dama, haka aka yi ta yi. Rana ba ta faɗi ba sai da bakan Gulbawa ya koma baƙi ƙirin daga wannan bango zuwa wancan. Galadima ya tsaya a ƙarƙashinsa ya ja numfashi, soron duk ya zama launin gidansu.

Sarki bai gani ba sai da safe, jakada yana ƙofar fada ana yi masa iso. Ya tsaya cak a bakin soro.

"Galadima, me ka yi?"

"Na rufa wa gari asiri, Zaki."

Babu lokacin wata magana. Aka shigo da Bagudu, wani siririn mutum mai taushin murya. Ya faɗi ya yi gaisuwa, ya isar da saƙon ubangidansa na fatar baki, sannan ya ɗaga kai yana bin rufi da kallo a hankali.

"Allah ya ja zamanin Sarki. A Gwaramo tun muna yara ake ba mu labarin wani jan baka mai ƙyalli a soron nan. Na yi ta ɗokin in gan shi kafin in mutu. Ko idona ne ya tsufa?"

Ya dubi ɗanyen yaɓen da bai gama bushewa ba, ya dubi bakan Galadima, ya yi murmushi.

"Ashe a makare na zo, ban ji an ci Gulbawa da yaƙi ba. Na baro Kaura a mashigi yana ta yi mini alfahari da Sarkinsa, bai ma san ya samu sabon ubangida ba. Barka, Galadima. Bayi irin waɗannan ba a samunsu a kasuwa."

Gaban Galadima ya faɗi, don a lokacin ya ga girman abin da ya yi. Amma kun san zuciya, tare da faɗuwar gaban sai da barkar nan ta yi masa zaƙi.

Sarki ya tura mahayi ya riga jakada isa mashigi don a ba Kaura haƙuri. Mahayin ya riga shi, amma me zai ce? Ko ta ina ya ɗauko maganar, a baƙar ƙasa take sauka. Ba a jima ba sai ga ƙanen Kaura, Anaruwa, ya iso fada. Ya ƙi shiga soro, ya durƙusa daga bakin ƙofa.

"Kaura ya ce a gaida Sarki. Ya ce 'ya'ya ne suka ɗauki alkawarin tsaron mashigi, tunda yanzu babu 'ya'ya a gulbi, babu mai tsaro. Ya kwashe jiragensa da 'yan kibiyarsa ya koma tsibiri. Ba zai bi Gwaramo ba, ba zai kuma tare ta ba."

"Me zai mayar da shi?" in ji Sarki.

"Ya ce wanda ya sa aka shafa shi zai kankare. Ban da maginansa, shi da kansa. Da rana tsaka, kai ba rawani, ƙofar soro a buɗe kowa na gani. Ni zan zauna a nan in zama shaida."

Idon majalisa duk ya koma kan Galadima. Ya miƙe tsaye.

"Ni Tunau, jikan waɗanda suka kafa garin nan, in hau tsani kai ba rawani ina kankarar bango don masunci ya ji daɗi? Zaki, kafin a san Gulbawa, wa ke tsare Tarmasa? Kafin a zana kifi a soron nan, ba a yaƙi ne? Ka ba ni tambari, ka ba ni mayaƙan birni. In ban mayar da Gwaramo cikin ruwa ba, kada in dawo."

Magajiya ta ce, "Kankarar yini ɗaya ce, Tunau."

Bai ko dube ta ba. Sarki kuwa, da yake shi ma da hannunsa a cikin laifin, ya fi son a wanke shi da nasara a kan a wanke shi da fartanya. Ya ba Galadima tambari.

Gwaramo ta hauro mashigi ba wanda ya harba mata ko tsinke. Aka haɗu a Fagen Giginya, tsakanin gulbi da birni. A faɗi gaskiya, Galadima ya san ƙasarsa. Ya jera dakarunsa a bayan fadama inda taɓo bai bushe ba, ya sa aka yi ta yi wa abokan gaba ihu da gori. 'Yan lifidan Gwaramo suka fusata suka sako dawaki, nauyi ya kai su cikin laka har ƙirji, Tarmasawa suka far musu da masu. Babban ɗan Galadima, Mantau, shi ne a gaba, ya ƙwace tutarsu ya ɗaga sama. Galadima ya ji maroƙa na kiran sunansa, ya ce a ransa, da ma Kaura yana kusa ya ji.

Abin da ya manta shi ne ruwa. Shekara da shekaru ba Batarmashen da ya taɓa waiwayar gulbi a lokacin yaƙi, don akwai masu kula da shi. Rana na take sai ga jiragen Gwaramo sun biyo wani rafi da ke zagayowa bayan fadama, cike da 'yan kibiya. Kafin a ankara kibau na sauka daga baya kamar ƙanƙara. Sahu ya karye. Aka kashe dokin Galadima a ƙarƙashinsa, mashi ya same shi a kafaɗar hagu, Mantau ya juyo don ya kare shi, nan ya faɗi bai tashi ba. Da ake janye Galadima daga fagen ya ɗaga ido ya hango tsibiri can nesa, jirage a jere a kan yashi, mutane a tsaitsaye suna kallo. Ko a wannan hali, abin da ya fi mashin yi masa zafi shi ne Kaura ya gani.

Aka rufe ƙofofi, Gwaramo ta kewaye birni. Gero da dawa suna waje ba a girbe ba, mutane na kan ganuwa suna kallo ana cinna wa gonakinsu wuta. Matan da suka rasa mazaje suka taru a ƙofar gidan Galadima, ba zagi, zama kawai suka yi. Magajiya ta ratsa su ta shiga, ta same shi kwance an ɗaure masa kafaɗa.

"Na zo yi maka ta'aziyyar Mantau," in ji ta. "Na kuma zo in ji, saura 'ya'yan wa?"

Ya juya fuska ga bango. Can ya ce, "Kaura ya kira ni baƙo, Uwar gari. A soron da kakana ya kafa."

"Ya kira ka, ina wurin. Bakinsa ba linzami, kowa ya sani. Ka rama, ramuwar ta ci maka ɗa. Ta ishe ka, ko da saura?"

"In na kankare, zai zo ya ci yaƙin. In ya ci, gadon ya tafi."

"Zai tafi. In ba ka kankare ba, Sarkin Gwaramo ne zai zauna a kai, shi kuma ba ruwansa da bakan kowa."

Da rana ta take, aka buɗe ƙofar Soron Amana. Galadima ya cire rawaninsa ya miƙa wa Magajiya, furfurarsa a waje, wadda ko iyalinsa ba kowa ya taɓa gani ba. Ya hau tsani da hannu ɗaya, aka miƙa masa 'yar fartanya. Mutane suka cika farfajiya. Anaruwa na zaune a bakin ƙofa ya harɗe ƙafa.

Ya fara kankara. Sai dai baƙar ƙasar fadama tana da danƙo, ta bushe ta kama jar gam. Duk ɓaɓɓakon da ya faɗo, da kumba yake faɗowa, da kan kifi, da wutsiyar kada. Raunin kafaɗarsa ya buɗe, jini ya jiƙa masa riga, bai sauko ba. Da ya gama, baƙin ya fita, amma abin da ya rage wani jan abu ne mai ramuka, azara na leƙowa ta wurare, tsagar nan kuma tana nan inda take.

Anaruwa ya tashi ya zaga ƙarƙashin bakan ya duba. Ya hau ganuwa ta gabas ya busa ƙaho. Daga can wajen gulbi wani ƙaho ya amsa.

Washegari da hantsi Gulbawa suka sauko daga tsibiri. Suka fara da jiragen Gwaramo suka nutsar da su, suka tsaya a mashigi suka toshe hanyar komawa, sannan suka biyo rafin nan suka ɓullo wa sansanin ta baya. Da mutanen birni suka ga hayaƙi ya tashi daga bukkokin abokan gaba, suka buɗe ƙofa suka fito. Gwaramo ta rasa gaba ta rasa baya, ta faɗa gulbi, ruwa ya ci fiye da waɗanda mashi ya ci. Sarkinsu da ƙyar ya haye a kan wani gungume.

Galadima yana zaune a soro ƙarƙashin bakansa, yana jin guɗa tana matsowa daga ƙofar gari, ana kiran Kaura, ana kiran Nomau. Ya dubi gadon Sarki, ya san kallon ƙarshe yake yi masa a wannan wuri. Har an kira bayin da za su ɗauka.

Kaura ya iso bakin soro, jikinsa duk laka. Ya tsaya, bai cire takalmi ba. Sarki ya taso da kansa.

"Shigo, Kaura. Yau ɗin nan za a kai gado ƙarƙashin bakanka, ba sai an jira yaɓe ba."

Kaura ya leƙa ya daɗe yana kallon abin da ya rage na bakan. Babu raha a fuskarsa yau. Ya durƙusa daga waje.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Kakana ya ɗauki alkawari a ƙarƙashin bakan nan, na cika masa shi yau. Amma kafin mu sauko na tambayi mutanena, wa zai haƙo ƙasar yaɓen bana? Ba wanda ya tashi. Suka ce muna bakin mashigi muna kwana cikin sauro saboda garin nan aka mayar da mu bayi a yini ɗaya, kuma da yardar Sarki aka ɗauko kwandon farko. Abin da aka yi sau ɗaya za a iya sake shi. Ƙasarmu za ta zauna a gida, Zaki. Za mu gina namu soron a bakin gulbi. Ba za mu yaƙe ka ba, ba kuma za mu sake durƙusawa a nan ba."

Kaura ya miƙe, ya hango Galadima can cikin duhu.

"Babba, ga gadonka nan, ba mai taɓa maka shi. Allah ya jiƙan Mantau. Na gan shi daga tsibiri, namiji ne."

Ya juya, mutanensa suka bi shi, guɗa ta mutu a bakin mata. Bayin da aka kira suka tsaya suna kallon juna, har Magajiya ta ce musu su tafi, babu abin ɗauka.

Kaura Nomau ya gina soronsa a bakin gulbi, Gulbawa suka naɗa shi Sarkinsu, fataken da ke haurowa suka koma sauka a wurinsa. Gwaramo ba ta sake hayewa ba a zamaninsa. Bagudu ya tsira daga ruwa ya tsufa a garinsu. Magajiya Tarana ta rasu kafin wata kaka. Sarki Jatau ya daɗe yana mulki, amma ƙasarsa ta tsaya inda fadama ta tsaya, kuma masu kawo ƙasar yaɓe suka yi ta raguwa. Bakan Gulbawa ba wanda ya sake yarda ya taɓa shi, damina ta yi ta cinsa har ya faɗi da rufin gabas, aka koma zaman fada a ɓangaren da ya rage. Gadon Sarki bai gusa daga ƙarƙashin baƙin baka ba. Galadima Tunau ya rayu har tsufa da shanyayyen hannu, yana zaune a gefen gadon nan, duk matafiyin da ya zo daga gabas sai ya kira shi gefe ya tambaye shi ko soron Gulbawa ya kai nasu tsayi. Har ya mutu bai je ya gani ba.